Ɓarin tumaki labari ne da ya shafi asibiti

Idan tunkiya ɗaya ta yi ɓari a garke, ba wanda zai ɗauki salula ya kira ni. Za a ce tunkuyi ta sha, ko wata ciyawa ta ci, ko yunwar bazara ce ta biyo ta. Sau da yawa kuwa hakan ne. Amma idan biyar suka zubar cikin mako guda, maƙwabcinka ya ce nasa ma uku sun zubar, ƴan raguna sabbin haihuwa suna mutuwa kwana ɗaya ko biyu da faɗowarsu, to magana ta wuce asarar dukiya. Ta kai ga wanda ya sa hannu ya jawo ɗan, da matar da za ta yi tatsa gobe da safe, da yaron da aka aika ya yar da mabiyiya a bayan gari.

Aikina kula da lafiyar bisashe ne, tsakanin Ƙonni da Malbaza da Illela. Allura, duba nama a mahauta, zagaya kasuwanni, ɗibar jini idan an yi zargin wata cuta. A tarurrukan da ake kiran mu yanzu ana yawan ambatar wani tsari da ake ce wa Lafiya Ɗaya, wato lafiyar mutum da ta dabba da ta ƙasar da suke zaune a kai duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Masana sun ƙiyasta cewa cikin cututtuka goma masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam, kusan shida daga dabbobi ake iya ɗaukar su. Makiyayi bai buƙatar taro kafin ya gane haka, shi da yake kwana kusa da garkensa, yake sha a tabkin da suke sha. Abin da nake so mu duba shi ne, shi ne mutum na farko da ke ganin cutar, tun kafin ni, tun kafin malamin asibiti, kuma abin da ya yi da wannan gani a kwanakin farko shi ke yanke yawan waɗanda za su kwanta.

Abin da ya faru a arewacinmu a 2016

Ba sai mun je nesa neman misali ba, a jaharmu ta Tawa aka yi. A watan Agusta na 2016 mutane suka fara kwanciya a yankin Cintabaradan da Tasara: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon jiki, wasu idanunsu su yi ɗorawa, wasu su yi ta zubar da jini ta hanci ko su yi aman jini. Damana ce, lokacin zazzaɓin sauro, don haka duk wanda ya ji jikinsa ya yi zafi abin da zai fara zato ke nan. A daidai wannan lokaci shanu da tumaki da awaki suna ta ɓari a rugage, ƙananan suna mutuwa. Labari bai kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ba sai ranar 30 ga Agusta. Aka ɗebi jinin mutane da na bisashe aka kai cibiyar Pasteur ta Dakar, a tsakiyar Satumba sakamako ya fito: zazzaɓin kwarin Rift ne, a jikin mutanen da kuma jikin dabbobin. Daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba an ƙirga mutum 64 da suka kamu a gundumar lafiya ta Cintabaradan, 28 daga cikinsu suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN suka buɗe wurin jinya a garin.

Ku duba waɗannan ranaku da kyau. Tsakanin mutum na farko da ya kwanta da ranar da aka san sunan cutar, an yi fiye da wata guda. Ita kuwa wannan cuta a al'adarta dabbobi take fara kamawa, sannan ta tsallaka ga mutane. Ke nan akwai waɗanda suka ga alamarta a garke tun kafin kowa ya kwanta. Sun ɗauke ta a matsayin asarar kiwo, irin wadda aka saba haƙuri da ita, ba su san saƙo ne da ya kamata ya kai likita ba. Ban ga laifinsu ba. Wa ya taɓa gaya musu?

A ƙa'ida yawancin waɗanda wannan zazzaɓi ya kama sukan tashi cikin mako guda, kamar an yi mura mai nauyi. Kaɗan ne yake taɓa wa ido, har gani ya ragu ko ya tafi, wasu ƙalilan ya hau musu ƙwaƙwalwa ko ya sa su zubar da jini, kuma cikin masu zubar da jinin kusan rabi ba sa tashi. A fahimtata, mutuwar 28 cikin 64 tana nuna cewa waɗanda abin ya yi wa tsanani ne kawai suka iso asibiti, kuma a makare, sauran sun yi jinyarsu a ruga ba wanda ya ƙirga su.

Me ya haɗa wannan da mu a kudu? Hanya. A shekarar Babbar Salla ta faɗo a tsakiyar Satumba, bikin makiyaya na Ingal kuma aka yi shi daga 23 zuwa 25 ga watan, inda garkuna daga ko'ina ke cakuɗuwa kafin su juyo kudu bayan girbi. Ragon da aka loda a Abalak ko Cintabaradan, kwana nawa ne ya iso Badagishiri ko Gidan Idar? Daga nan kasuwar Laraba ta Ƙonni, ran Lahadi yana Illelar Najeriya. Mu a bakin ƙofa muke zaune, duk abin da ya taso daga arewa ta kanmu yake bi.

Sauro da tabki

A Kenya aka fara gane wannan cuta, wajen 1930, a garken tumaki. Ta ɓulla a Masar a 1977, ta ƙetara teku zuwa Saudiyya da Yaman a 2000, Muritaniya kuwa ta sha fama da ita. Kusan ko'ina labarin ruwa ne. Akwai wani irin sauro da ke saka ƙwansa a laka a gefen tabki, daidai inda ruwa ke ja da baya. Ƙwan ba ya mutuwa idan wurin ya bushe. Yana nan cikin busasshiyar ƙasa, rani ya wuce, wani lokaci har shekaru, kuma uwar tana iya bar masa ƙwayar cutar a ciki. Ranar da aka yi ruwa mai yawa tabki ya cika ya haura inda ya saba tsayawa, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe gaba ɗaya. Sauron ya ciji tunkiyar da ta zo shan ruwa, cutar ta yawaita a jininta, sauran ire-iren sauro su ɗauka daga gare ta su rarraba wa garke. Tunkiya mai ciki idan ta kamu, da wuya cikin ya tsaya. Ƴan raguna kuwa tara cikin goma na iya mutuwa, alhali manyan da yawa sukan tashi.

Shi ya sa shekarar da aka yi ambaliya, irin damanar 2020 da ta 2024, nakan ƙara kasa kunne ga labarin ɓari. Ruwan da ya kawo ciyawa shi ne ya tayar da sauro. Yankinmu kuma Allah ya hore masa ruwan kwance: kwarin Majiya, madatsun Mozage da Zango, magudanan da ke shayar da gonakin rani na Ƙonni, fadamun albasa na wajen Galmi, da tabkunan da ke kai wa har tsakiyar ɗari ba su ƙafe ba. Arzikinmu ne, ba wanda zai so a ce babu su. Sai dai a ruwa guda ɗin nan ake shayar da shanu, ake wanki, yara ke iyo. A cikinsa ƙananan katantanwa ke rayuwa, wata irin tana renon tsutsar hanta da ke rame mana shanu da tumaki, wata irin tana renon tsargiya da ke sa yara fitsarin jini. Hantar da nake cirewa in hana sayarwa a mahauta da yaron da ake kai wa asibiti da jini a fitsari, sau da yawa gaɓar ruwa ɗaya suka fito. Ni ina rubuta nawa a littafina, malamin asibiti yana rubuta nasa a nasa.

Hannu da ƙwarya

Sauro yana iya sa wa mutum zazzaɓin kwarin Rift, amma mafi yawan waɗanda suka kamu ta hannu suka ɗauka: karɓar haihuwa, jawo mabiyiyar da ta maƙale, yanka, fiɗa, rabon ɗanyen nama. Jini da ruwan haihuwa cike suke da ƙwayar, ƴar tsaga a yatsa ta ishe ta shiga, ko tururin jinin da ake shaƙa wajen yanka. Ba a taɓa tabbatar da cewa mutum yana sa wa mutum ba, don haka mai jinya kada a guje shi.

Na san safar hannu ba kowace ruga ake samunta ba. Leda kuwa ba inda babu ita, har cikin tumbin shanunmu. A zura hannu cikin leda biyu a ɗaure a wuyan hannu kafin a taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya. A haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa wa karnuka, kada a rataye a ƙaya. A wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, in akwai ruwan jabel a zuba a wurin. Mace mai ciki ta nisanci wannan aiki ɗungum. Wadda ta yi ɓarin a ware ta daga garke, nononta kuma ba mai sha sai an tafasa.

Maganar tafasa nono ita ce wadda aka fi yi mini gardama a kanta. Dattijo zai ce da ɗanyen nono aka yaye shi, ga shi ya kai saba'in. Gaskiyarsa. Sai in tambaye shi, a rugarsu ba a taɓa samun mai zazzaɓin da ke zuwa yana komawa wata da watanni ba, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi, a gwada jini a ce ba na sauro ba ne, ya sha magani ya ƙi jin sauƙi? Akwai cutar da Fulani da yawa ke kira bakkale. Saniya ta zubar da ciki ya tsufa, mabiyiya ta ƙi fita, gwiwa ta kumbura da ruwa, bijimi marainansa su kumbura. Ƙwayar tana fita cikin nono ko da saniyar ta yi ƙiba tana sheƙi. A jikin mutum tana da magani, amma na mako shida ne, iri biyu a haɗe, kuma malamin asibiti ba zai yi tunaninta ba idan ba a ce masa ana ɓari a garke ba. Wannan jimla ɗaya, “shanunmu suna ɓari”, tana iya rage wa mutum wahalar shekara. Tsami yana rage ƙwayoyin, amma ba ya ba da tabbacin da wuta ke bayarwa. Masu yin cuku da ɗanyen nono su ma maganar ta shafe su, kuma tarin shanu ta wannan ƙwarya yake bi.

Ƙasar da ba ta mantuwa

Ciwon saifa shi ya fi nuna yadda ƙasa ke riƙe cuta. Sa lafiya lau da yamma, da safe a tarar da shi a miƙe, ciki ya kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci da dubura. Muddin gawar tana rufe, yawancin ƙwayoyin ruɓewa suke tare da ita. Da an farke ta iska ta shiga, sai su yi wa kansu ɓawo mai tauri su kwanta cikin ƙasa, shekaru gommai suna jira. Ruwa ya kwashe su ya tara a gangare, ko fari ya sa dabba ta yi kiwo har tana haɗawa da turɓaya, sai cutar ta dawo. Tsofaffin makiyaya sun san irin waɗannan wurare, za ka ji sun ce kada a kwana da shanu a fage kaza. Wasu na cewa iskoki ne. Ko me aka kira shi, shawarar daidai take, kuma ina roƙon ƙungiyoyi su zauna da dattawan nan a rubuta sunayen wuraren tun suna raye.

Inda mutane ke shiga hatsari shi ne wajen riga ta da wuƙa. Dabba na shure-shure, a yi maza a yanka don kada ta zama mushe, a raba nama ko a sayar da araha. Na fahimci dalili, sa guda dukiyar shekaru ce. Wuƙa tana halatta nama, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Wanda ya feɗe yakan sami ƙurji a hannu ko wuya ko fuska, mai baƙin tsakiya kamar gawayi, gefensa a kumbure, ba ya cika zafi. Wannan yana warkewa idan an je asibiti da wuri. Waɗanda suka ci naman abin ya fi muni. Fatar ma tana ɗauke da cutar har wurin majema. Rundawa abokan aikina ne, kullum muna tare, kuma na san yawancinsu ba sa karɓar irin wannan nama. Wanda ake yankawa a bayan gari da dare a shigo da shi cikin buhu ba hatimi, shi ne abin tsoro. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya a bar ta yadda take, a rufe ta da ƙaya a kira mu, a ƙone ta ko a binne ta a rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, nesa da rijiya da hanyar ruwa. Saifa tana da allura ta shekara-shekara, LABOCEL na haɗa ta a nan ƙasar. Daban take da rigakafin kyauta na ciwon huhun shanu da annobar tumaki da awaki, sai an neme ta, kuma gara a yi kafin ruwa ya sauka.

Wani abu da nake lura da shi, duk wanda ya girma a nan zai tuna yadda angulaye ke cika mahauta da bakin kasuwa. Yau sai ka yi makonni ba ka ga ko ɗaya ba. Guba da farautarsu don sayar wa masu magani sun kusa ƙarar da su a Afirka ta Yamma. A Indiya an ga ƙarshen irin wannan: wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na angulayensu tun daga shekarun 1990, har aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan sake suka yawaita. A nan ma gawar da angulu zai share kafin azahar yanzu kare ne ke jan ta har cikin gari.

Karen kuwa shi ke kawo hauka. Cutar haukan kare tana kashe mutum wajen 59,000 a duniya duk shekara, da yawansu yara ne, kuma da zarar alamunta sun bayyana ba a tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, sannan ya nufi asibiti a ranar. Karen in ana iya ɗaure shi ba tare da hatsari ba, a ɗaure a sa masa ido kwana 10, a sanar da mu. Makiyaya kuma ku kiyaye wannan: saniya ko jakin da ke dalalar da miyau, yana kuka ba ƙaƙƙautawa, ya kasa haɗiya, kada a zura masa hannu a baki neman abin da ya maƙale. Sau da yawa ba abin da ya maƙale.

Me ke hana a faɗa?

Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Mutum yana gudun a ce an tsare garkensa, ko a rufe kasuwa ƴan uwansa su ce shi ya jawo, ko dillalai su ji labari su karya masa farashi. Sai ya yi shiru, ya sayi allura a kasuwa ya yi ta dankara wa dabbobi da sirinji ɗaya, wanda hakan kansa yana ɗaukar cutar daga wannan zuwa waccan. In ya ga ba sauƙi, ya kora su kasuwa tun suna iya tafiya. Ba zan yi muku alkawarin cewa faɗa ba ya da tsada ba, wani lokaci yana da ita. Amma zazzaɓin kwarin Rift ba ya jin allurar kasuwa, kuɗin ne kawai ke tafiya, ragowar maganin kuma ya bi nono ya shiga cikin yara. Wanda ya yi shirun kuma iyalinsa ne mafi kusa da garken.

Ta ɓangarenmu ma akwai gyara. Rahoton dabbobi yana hawa ta tsaninsa, na mutane yana hawa ta nasa, sau da yawa sai can sama suke haɗuwa, alhali ni da majon likitar ƙauye kasuwa ɗaya muke ci. A Cadi, tun farkon shekarun 2000, masu bincike sun tarar da rugagen da shanu suka sha allura amma da wuya a sami yaron da ya kammala tasa. Sai aka haɗa tafiyar: mota ɗaya, malaman dabbobi da na mutane tare, a yi wa shanu a yi wa yara da mata a zama guda. Kuɗin tafiya ya ragu, makiyaya kuma suka fi sakin jiki. Ban ga abin da zai hana mu roƙi irin haka a wuraren allurarmu ba.

Ƙungiya tana iya abin da mutum ɗaya ke jin nauyinsa. Idan labari ya fito da sunan ƙungiya, ba a nuna kowa da yatsa. A zaɓi mutum ɗaya a kowace ruga ko unguwa, zai fi kyau a haɗa da mace, don masu tatsa su ke fara sanin wadda ta zubar. A ba shi ɗan littafi da lambobi biyu, ta ma'aikacin kiwo mafi kusa da ta majon CSI. Ardo da mai gari su san da shi. Idan ya kira, abin da nake bukatar ji kaɗan ne: wane iri ne, nawa suka zubar ko suka mutu, cikin kwana nawa, a wane tabki ko rijiya suke sha, an shigo da baƙuwar dabba kwanan nan ko a'a, kuma akwai mai zazzaɓi a gidan? In amsar ta ƙarshe e ce, kafin in tayar da babur zan kira majo. A bar mini wadda ta yi ɓarin a ɗaure a inuwa, don jininta nake zuwa ɗiba, kuma kwanakin farko ne ya fi nuna abin da ke ciki.